Gargaɗi ga Jama'ar Kurfi da Kewaye: Mai Jegon da Ta Kasa Kwanciya, Kada a Kwana da Ita a Gida

Jama'ar Kurfi, da na Birchi da Barkiya da Wurma da Tsauri da Rawayau, da 'yan'uwanmu na Dutsin-Ma, wannan kira ne da ba ya son jinkiri. Duk macen da ke cikin watan haihuwarta, ko ta haihu cikin wata biyar da suka wuce, idan aka ga tana haki, in ta kwanta numfashi ya gagare ta sai ta tashi zaune, ƙafafunta sun kumbura, tana tari da dare, to a kai ta asibiti yau ɗin nan, kafin rana ta faɗi. Kada a ɗaura mata ƙarin ruwa a gida ko a kemis. Kada a ƙara mata kunun kanwa. Kada a ce a bari gari ya waye tukuna. Haka nan dattijo ko dattijuwa mai hawan jini da ya fara kwana a zaune. Abin da ke faruwa a ƙirjinsu shi ne zuciya ta gaza, jini ya taru a jijiyoyin huhu, ruwa yana tsattsafowa cikin gurbin da iska ya kamata ta shiga. Irin wannan ciwo yana kashe mutum cikin dare ɗaya, kuma yana da magani idan aka zo da wuri.

Ga yadda yake zuwa, don a gane shi tun yana nesa. Da farko gajiya ce kawai. Mai jego ta ɗauko bokiti daga bakin randa zuwa madafa, sai ka ga ta tsaya a tsakar gida ta dafe ƙugu tana mayar da numfashi. In ta riga ta koma salla, ruku'u da sujada su fara yi mata nauyi. Daga nan sai wahalar ta koma dare. Ta kwanta kamar kowa, bayan awa biyu ko uku ta farka a firgice, ta yaye labule ta nufi ƙofa tana neman iska. Matashin kai ɗaya ya koma biyu, biyu su koma uku, har ta kai ga jingina da bango zuwa asuba da jariri a cinya. Tarin busasshe ne da farko. In abin ya yi nisa sai ya zo da farar kumfa, wani lokaci da jirwayen jini a ciki. Ka danna babban yatsanka a ƙaurinta, sama kaɗan da idon sawu, ka ƙirga biyar ka ɗaga: wurin zai lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Ka dubi gefen wuyanta tana zaune, za ka ga jijiya ta taso tana harbawa. Ciki ya sake tasowa, ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama yana ciwo, domin hanta ta cika da jinin da ya rasa hanyar wucewa.

Mun san abin da ake faɗa a gidajenmu idan haka ta faru. Gwaggo ta ce, "Ai jego ne, kowa da haka ta yi." Uwar miji ta ce, "Yarinyar nan ba ta gasu ba, sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wankan wuta." Maƙwabciya ta leƙo ta ce asma ce, ko kuwa iska ce ta taɓa ta. Maigida kuma ya ga matarsa ta yi laushi, sai ya ce a kira yaron nan na kemis ya sa mata ruwa leda biyu ta ji ƙarfi. Babu mai mugun nufi a cikinsu, kowa sonta yake yi. Amma a cikin shawarwarin nan akwai wadda ke ɓata lokaci, akwai kuma wadda ke ƙarasa ta. Shi ya sa nake so mu fahimci abin da ke gudana a cikin ƙirjin, domin wanda ya fahimta ba zai yarda a ɗaura ledar nan ba ko da duk dangi sun taru a kansa.

Aikin zuciya kashi biyu ne. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu yana karɓo shi daga huhu, ya harba shi zuwa kai da ciki da gaɓoɓi. Ibnun Nafis, likitan nan Musulmi da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya fara rubuta cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakanin ɓangarorin biyu, dole sai ya bi ta huhu. Wato duk jinin da zuciya ke bugawa, kimanin lita 5 a kowane minti ga babban mutum da ke hutawa, sai ya ratsa huhu, babu wata ɓarauniyar hanya. Kuma jijiyoyin huhu ba a halicce su don ɗaukar matsi mai yawa ba. Awon da ake yi mana a hannu yakan nuna kamar 120 bisa 80. A babbar jijiyar huhu kuwa, da wannan ma'auni ɗin, matsin bai wuce kamar 25 bisa 10 ba. Fatar da ta raba jini da iska a can ciki, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Siririntar nan ce ta sa iska ke shiga jini cikin sauƙi, ita ce kuma ta sa ruwa ke iya ɓullowa idan matsi ya yi yawa.

To ka ɗauki gidan da kwatarsa ta toshe ana tsakiyar ruwan Agusta. Sama ba ta daina zuba ba, mafita ta ragu, sai ruwa ya taru a tsakar gida, ya haura dokin ƙofa, ya shiga ɗakuna. Ɓangaren hagu na zuciya shi ne mafitar huhu. Idan ya yi rauni ya kasa kwashe abin da ke zuwa masa, ɓangaren dama kuma yana nan yana turowa, jini zai taru a baya, matsi ya hau, ruwa ya shiga 'yan jakunkunan iska. In mara lafiya ta kwanta, jinin da ya sauka ƙafafu da ciki yayin da take zaune sai ya komo ƙirji, abin ya ƙaru. Dalilin kwana a zaune ke nan. Yanzu ka duba mai zuwa da bokiti yana ƙara zuba ruwa a gidan nan da ya riga ya cika: shi ne mai ɗaura ƙarin ruwa.

Wannan shi ne hatsarin dare ɗaya. Akwai kuma na watanni, wanda ya fi ɓoyuwa. Jijiyoyin huhu abu ne mai rai. Idan matsi ya daɗe a kansu sai su tsuke, bangonsu ya yi kauri, ramin da jini ke bi ya ƙuntata. Wani likita Bafaranshe, Poiseuille, ya nuna tun a shekarun 1840 cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura ruwa ta cikinsa ba ninki biyu take yi ba, ninki 16 take yi. Don haka 'yar tsukewa kaɗan a dubban ƙananan jijiyoyi kaya ne mai nauyi a kan ɓangaren dama na zuciya, wanda dama naman bangonsa siriri ne. Likitoci suna kiran wannan hali hawan jinin huhu, kuma bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka fitar a 2022, ana cewa ya samu idan matsakaicin matsin jijiyar huhu ya haura 20. Na'urar awon jini ta hannu ba ta ganinsa ko kaɗan. Mutum zai iya zuwa kemis a auna shi a ce jininsa lafiya lau, alhali huhunsa na cikin matsi. Idan ɓangaren dama shi ma ya gaji, a nan ne ƙafafu da ciki ke cika da ruwa, kuma komawa baya takan yi wuya.

A manyan jami'o'in duniya yau akwai masu nazarin wannan al'amari da kwamfuta. Sukan ɗauki hoton ƙirjin mara lafiya da manyan na'urorin hoto, su zana jijiyoyin huhunsa a kwamfuta da duk rassansu da lanƙwasarsu, su yanka zanen gutsi-gutsi har dubban ɗaruruwa, sannan su sa kwamfuta ta lissafa yadda jini ke gudu a kowane gutsure: ina ya yi sauri, ina ya yi sanyi, ina yake juyawa a wuri ɗaya, da wane ƙarfi yake gogar bangon jijiya. Gogar nan ce suka fi damuwa da ita, domin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya suna jin ta, kuma da ita suke sanin ko su saki sinadarin da ke buɗe jijiya ko su bar ta ta tsuke. Binciken da ya gano wannan sinadari shi ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1998. An ga cewa ga masu hawan jinin huhu babbar jijiyar takan buɗe ta yi tauri, gudun jini a cikinta ya rikice, gogar da bangon ya saba ji ta ragu. Ƙananan jijiyoyin can ciki kuwa sun fi ƙarfin idon na'urar hoto, sai da lissafi ake kintatar halin da suke ciki. Burin masu wannan aiki shi ne wata rana a iya sanin matsin huhu ba tare da an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya ba, a kuma gane wanda jijiyoyinsa suka fara lalacewa tun kafin abin ya yi nisa. Ina ganin ƙimar aikin nan, kuma ina fatan 'ya'yanmu da ke karatun lissafi da kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wata rana su sa hannu a ciki, tunda ciwon a ƙofar gidansu yake. Amma abin da ya shafe mu yau a cikinsa ɗaya ne: kowane mako da jini ya yi yana taruwa a huhu, jijiyoyin suna sauya ƙira. Jinkiri ba zama wuri ɗaya ba ne, ɓarna ce ke ƙaruwa.

Kada wani ya ɗauka ciwon Turawa ne muka karanto a littafi. Duniya ta san ƙasar Hausa da gazawar zuciyar masu jego fiye da kusan ko'ina. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Ƙiyasin lokacin shi ne kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. A Sakkwato, binciken da Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka buga a 2007 ya samu ɗaya cikin 102. Sai kuma babban binciken nan mai suna PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, aka tattara mata 406 daga asibitocin sassan Najeriya tsakanin 2017 da 2018. Fiye da kashi 70 cikin ɗari nasu daga Arewa maso Yamma suka fito, wato yankinmu, kuma a nan an samu ɗaya cikin haihuwa 96. A Amurka ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000. Ka ga shekara arba'in tsakanin binciken Zariya da na Kano, adadin yana nan inda yake. Da aka ci gaba da bibiyar wasu daga cikin matan, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara biyu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Waɗannan fa su ne suka kai asibiti har aka rubuta sunansu. Wadda ta cika a ƙauye aka ce jego ne ya zo da ajali, ba ta cikin lissafin kowa.

Maganar wankan jego da kunun kanwa tana buƙatar a faɗe ta da gaskiya, ba tare da zagin iyayenmu mata ba. Likitocin Zariya na wancan zamani sun ɗora laifi mai yawa a kan al'adar: wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunu mai kanwa da yawa. Binciken baya-bayan nan na su Farfesa Karaye bai samu cewa waɗannan ne tushen ciwon ba. Abubuwan da ya samu tare da shi su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin ciki irin wanda ke kaiwa ga jijjiga. A Yamai da Kano an kuma samu ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyom a jinin masu ciwon. Wato talauci da yunwa da rashin zuwa awo suna da babban hannu. Amma kada a ji wannan a ce to kanwa ta kuɓuta. Cewa abu ba shi ya haddasa ciwo ba daban, cewa ba ya ƙara shi daban. Kanwa cike take da sinadarin nan na sodiyom da ke cikin gishiri, shi kuwa duk inda ya shiga sai ya riƙe ruwa. Mai ciki jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma a kwanakin farko bayan haihuwa jiki na fama ne ya fitar da wannan rarar. Zafi mai tsanani shi ma yana sa zuciya ta ƙara gudu. Mace mai lafiyar zuciya za ta iya ɗauka. Wadda tata ta raunana ba za ta iya ba, kuma ba a gane su a fuska ranar suna. Shawarata ga iyayenmu masu yi wa 'ya'yansu wanka ita ce: ruwa mai ɗumi ya isa, a rage kanwa ƙwarai, kuma daga ranar da aka ga haki ko kumburi a dakatar da wankan zafi da kanwar gaba ɗaya. Inna, 'yarki ba za ta lalace don ba ta gasu ba. Ki ba ta ƙwai da wake da nama da ganye, su ne za su mayar mata da jiki.

Ƙarin ruwa kuwa, a kansa nake so in fi ɗaga murya, domin ya zama mana al'ada har wanda aka sallama daga asibiti ba a sa masa ba yakan ga kamar ba a duba shi ba. Ledar ruwan gishiri ɗaya rabin lita ce, kuma tana ɗauke da gishiri giram 4.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babban mutum zai ci a yini guda kada ya kai giram 5. To wannan ana zuba shi ne kai tsaye cikin jijiya, cikin awa ɗaya ko biyu, ya wuce ɓangaren dama na zuciya ya faɗa huhun da dama ya cika. Sau da yawa leda ta farko ba ta ƙarewa numfashi ya ƙara tsananta, sai a ce ciwon ne ya yi ƙarfi, a ɗaura ta biyu. Ƙarin ruwa magani ne na gaske ga mai amai da gudawa, da wadda ta zubar da jini. Ga mai ciwon zuciya kuwa akasin abin da take buƙata ne, domin ita cire mata ruwa za a yi. Malam mai kemis, don girman Allah, idan aka kira ka wurin mai haki da kumburin ƙafa, kada ka huda ledar nan. Ka ce musu wannan ya fi ƙarfin shago, ka taimaka a nemo mota. Ko da ƙarancin jini ne ya sa ta haki, wanda shi ma yana yi, ƙarin jinin a asibiti ake yinsa, a hankali, ana sauraron ƙirjinta.

Akwai magungunan da muke saye kamar gyaɗa waɗanda su ma suna riƙe ruwa a jiki: na ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da piroksikam, da haɗe-haɗen nan da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna, da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Mai ciwon zuciya ya nisance su. Maganin asma da na tari ba sa cire ruwa daga huhu, kwanaki kawai suke ci. Hayaƙi da turare a rufaffen ɗaki kuma ragowar iskar da take samu suke ƙwacewa.

Maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. A wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya haɗa mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da asibitin Kano a ciki, hawan jini ne ya fi kowane dalili yawa, kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne. Shekarun magidanta ke nan masu iyali a wuya. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: an ce wa mutum yana da hawan jini, ya sha magani wata ɗaya, ya ji garau, ya ajiye. Shekaru suka wuce zuciya na fama ita kaɗai, rannan sai ga shi ya kasa kaiwa masallacin unguwa ba tare da ya huta a hanya ba. Sannan ga maganin ƙarfin maza. Sinadarin da ke cikin Viagra, wato sildenafil, yana buɗe jijiyoyin huhu, har likitoci na ba da shi ga wani nau'in hawan jinin huhu. Amma idan matsalar daga ɓangaren hagu na zuciya take, buɗe hanyar shiga alhali mafita na toshe ba taimako ba ne. An gwada shi a Sifen kan mutum 200 da aka gyara wa ƙofofin zuciya amma matsin huhunsu bai sauka ba, sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna waɗanda suka sha sun fi shiga wahala. Haɗa shi da wasu magungunan ciwon ƙirji kuma yana iya faɗar da jini warwas. Da yawa daga cikin 'yan kwalabe da garin da ake tallatawa a kasuwa da sunan na gargajiya, an sha kama su da wannan sinadari a ɓoye. Mai haki ko mai shan maganin zuciya kada ya kusance su.

To me za a yi idan an ga alamun? A zaunar da mai jegon, bayanta a jingine, ƙafafu a sauke ƙasa. A buɗe ƙofa da taga, a rage taron mutane a kanta. Kada a kwantar da ita, ko a ɗaki ko a mota. A bar ta ta zauna a kujera, wani ya riƙe jaririn. Kada a ɗura mata ruwa ko kunu ko jiƙo. Addu'a a yi ta, a yi ta sosai, amma a yi ta ana tafiya. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare a shekarun nan, ciwon nan kuma da dare yake tashi. Don haka hukuncin da rana ake yanke shi: wadda ta kwana a zaune jiya, kada magaribar yau ta same ta a gida. Duk gidan da ke da mai tsohon ciki ko mai jego, maigida ya riƙe lambar direba ɗaya ko biyu, ya ware kuɗin mai tun kafin ranar buƙata. Idan leɓɓanta suka canza launi, ko ta kasa haɗa magana saboda haki, ko kumfa ta fara fita, ko gumi mai sanyi ya rufe ta, to ba a jiran ko minti ɗaya, ko da maigida ba ya gari. Maza, ku bar izini tun yanzu, ku faɗa a gaban iyayenku cewa in haka ta faru a tafi da ita ba sai an neme ku ba.

A babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, ku faɗi komai dalla-dalla: ranar da ta haihu, ko jininta ya hau lokacin ciki, dare nawa ta yi ba ta kwanta ba, me aka ba ta a gida, har ledar ruwan in an sa. Kada a ɓoye don kunya, domin da bayanin nan ake aiki. Za a auna jininta, a saurari ƙirjinta, a duba yawan jinin jikinta, a ba ta iskar oksijin in tana buƙata, a yi mata allurar da ke sa fitsari don ruwan ya sauka. Sau da yawa cikin 'yan awanni numfashi yakan dawo. Amma a nan ne kuskure na biyu yake jira: sauƙin numfashi ba warkewar zuciya ba ne. Ana buƙatar hoton zuciya da ake kira eko, wanda ke nuna ƙarfin bugunta, da lafiyar ƙofofinta, da ƙiyasin matsin huhu, ba ya kuma da zafi ko huda. In an tura ku Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko wani babban asibiti, ku je, kada takardar ta kwana a ƙarƙashin katifa. Hoton nan ne zai bambance ciwon zuciya na jego da lalacewar ƙofar zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, kuma kowanne da irin kulawarsa.

Maganin zuciya na watanni ne, ga wasu na shekaru. Ba a ajiye shi don kumburi ya sauka, ba a kuma ara wa maƙwabciya don nata ya yi kama da shi. Wasu daga cikin magungunan suna cutar da ɗan da ke ciki. A rage gishiri da dunƙule a tukunyar gidan gaba ɗaya, domin ware mata tata tukunya ba ya ɗorewa. In akwai sikeli, ta riƙa hawa da safe: ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ya fara taruwa, a koma asibiti. Maganar shayarwa a bar wa likita, kada a yaye jariri da ka. Sai babbar magana, wadda ta fi wuyar faɗa a gidajenmu: ciki na gaba. Macen da zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki yana iya zama ajalinta, ko wadda ta warke ma ciwon kan dawo. Maigida, ka raka ta wurin likita ka ji da kunnenka, ku zaɓi hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai ciwon zuciya, kuma kai ne za ka tare mata surutun dangi. Kada a sake ɗaukar ciki sai an maimaita eko likita ya yi bayani.

Ina roƙon limamanmu su faɗi alamun nan a masallatan Juma'a, malaman Islamiyya su faɗa wa ɗalibansu mata, Maraɗin Katsina Hakimin Kurfi da dagatai da masu unguwanni su sa a yi shela. Ungozomomi, ku ne kuke shiga ɗakin da namiji ba ya shiga, duk mai jegon da kuka leƙa ku tambaye ta, "'Yar nan, kina iya kwanciya ki yi barci har safe?" ku kuma danna ƙaurinta. Ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, ranar da uwa ta kawo jariri rigakafi ku auna jininta ita ma, ku yi mata wannan tambayar. Kuma kada a ɗauka an tsallake don an yi arba'in an mayar da ita ɗakinta: ciwon yana iya ɓullowa har wata biyar bayan haihuwa, don haka wanda ya karɓe ta a gidan miji shi ma a faɗa masa abin da zai sa wa ido.